Mun Yanke Wutsiyar Motar Baba Tsoho

Ta ci! Jama'a, ta ci! Motar Baba Tsoho ta ci rodwodi, gwajin lafiyar mota, sitika na nan manne a gilashi, har yatsa na sa na taɓa don kar a ce mafarki nake. Ba za a kai ta kondem a farfasa ta a sayar da ƙarfen ba. Chale, in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, murna ce. Ina bakin ofishin lasin yanzu haka, na kasa zama, na kasa tafiya. Na yi dariya, na yi kuka, har mai sayar da ruwan leda ta ce ko sakamakon jarrabawa ne ya fito. Na ce mata, Mma, wannan ya fi jarrabawa. Lakca ma ban je ba yau, wanda ya je ya turo mini.

To bari in koma baya, don na san a grup ɗin nan ba kowa ne ɗan Nyanshegu ba.

Baba Tsoho kakana ne, shi ya haifi Mmana. Mai walda ne, mai gyaran bodin mota, dogo kamar falwaya, gira duk ta ƙone. Bayan ƙaramar Sallah Allah ya karɓi abinsa, yana zaune a kan buzunsa bayan azahar, ba doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar, ban taɓa ganin layinmu ya cika haka ba. Direbobin tasha sun zo da rigunansu masu baƙin mai. Fulanin bayan Gumani sun jingine kekuna a katanga, suka zauna shiru, sanda a kan cinya. Matansu suka shigo ciki suka sauke ƙoren nono da wagashi, cukun Fulani, a ƙofar kicin. Wani tsohon fita, wato makanike, daga Kaladan ya tsaya a bakin shago yana faɗa wa duk wanda ya wuce, "Ni da shi mun yi faɗa ya fi a ƙirga, ban taɓa cin ko ɗaya ba," sai ya goge ido, sai ya sake faɗa. Amma wadda ta karya mini zuciya wata tsohuwa ce Badagomba, ban ma san ta ba. Ba ta shiga wajen mata ba, wajen motar ta nufa, ta dafa bonet, tana magana da irin Hausarta:

"Shi ya ɗauka mijina. Shi ya ɗauka ɗana. Ni fa? Wa zai ɗauka ni?"

Nan ne maganar take. Motar.

Tsohuwar jif ce mai jan taya huɗu, irin gajerun nan na da, a gwanjo ya saye ta tun Mmana tana firamare. In ruwa ya sauka, hanyoyin bayan gari sun zama kunu, ba motar da ke shiga rugage da ƙauyukan can sai ita. Mace na naƙuda, a aiko wa Baba Tsoho. Maciji ya sari yaro a gona, Baba Tsoho. An yi rasuwa, makara za ta fita daga masallaci ta je ta dawo, Baba Tsoho. In ka ciro wani abu za ka ba shi sai ya harare ka ya ce, "Ka ajiye, ranar tawa ka riƙe mini ƙafa." Kowa ya ɗauka wasa yake.

Amma fa in ka ga motar sai ka yi dariya. Ba abin da bai manna mata ba. A gaba ya yi mata kariya da faif ɗin bohol, wai don shanu. A sama ya ɗora kariya ta ɗaukar kaya, ta ƙarfe mai nauyin tsiya, shebur da diga da igiya duk a can suke. Sifirin ɗin baya ya ƙara masa ganye daga wata matacciyar lori, sai gindin ya ɗaga kamar akuya na shan ruwa. Fenti kuwa duk wanda ya ragu a shago nata ne. A takarda koriya ce, a ido shuɗiya, ƙofa ɗaya ruwan ɗorawa. Sai kuma babbar magana, wutsiya.

Labarin wutsiyar Masta ne ya ba ni. Masta shi ne babban almajirin shagon, wanda ya koyi aiki a hannunsa tun yana saurayi, yanzu shi ma furfura ta cika masa gemu. Ya ce farkon gawar da suka ɗauko daga ruga, cikin ruwa ne. Makara ta ƙi shiga, motar gajera ce, sai ƙafafun mamacin suka rage a waje. Har suka iso gari ruwa na dukan likkafani. Baba Tsoho ya dawo gida bai ci tuwo ba. Da safe ya kwance kujerun baya, ya cire ƙofar baya, ya shiga ya kwanta miƙe, ƙafafunsa a iska, ya ce wa Masta, "Ɗauko alli, sa alama inda diddigena ya tsaya. Ni na fi kowa tsawo a unguwar nan. In ta ɗauke ni, ta ɗauki kowa."

Masta ya ce, "Baba, ai da kujerar gefen direba muka cire, sai makarar ta zarce gaba, ba sai mun ƙara komai ba."

Baba Tsoho ya ɗago kai daga kwancen. "Kujerar Hajiya? Cire kanka tukuna."

Shi ke nan. Aka ɗauko ƙarfen angil, aka ɗinka wa motar baranda a baya, tsawon hannu guda, aka rufa da tampol. Wutsiya ke nan.

Kujerar Hajiya fa ba wasa ba ce. Hajiya ita ce Kaka, matarsa. Shekara da shekaru ita ke saro nono da wagashi a ruga da sassafe, shi ke kai ta. Ya lulluɓe mata kujerar da fatar saniya da wani Bafulatani ya ba shi, fara da ɗigon baƙi. Daga ƙofar gida har ruga faɗa suke. Ita ta ce yana gudu, shi ya ce tana surutu. Ita ta ce ramin can fa, shi ya ce ramin nan ya san ni na san shi. Amma ba wanda ke zama a kujerar nan. Wallahi Liman da kansa a baya ya zauna, a kan safaya taya, rawani na dukan rufi. Ni kuwa, da yake matarsa yake ce mini irin wasan jika da kaka, na taɓa buɗe ƙofar zan hau, ya ce, "Ke matar boko, baya."

Na ce, "Tsohon miji mara haƙori, haka ake yi wa mata?"

Ya ce, "Kawo digirin tukuna, sai in duba."

Kai. Bari in tsaya in sha ruwa.

Kar ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Taurin kai paa! Rodwodin motar ya mutu tun ina jiniya sakandare, ya ƙi zuwa sabuntawa don ya san abin da za su ce. Duk lungun da ke kauce wa bariyar polis ya haddace. In kuma dole ta sa ya bi titi, polis na hango makara sai su ɗaga masa hannu. To, sai wata rana Shaiɗan ya zuga shi. Ya dawo da makara ba kowa a ciki, ya tsaya a gonar abokinsa aka ba shi doya, ya jera a ciki ya rufa da zane. Wani polis sabon zuwa ya tsayar da shi, ya cire hula don girmamawa, ya ɗaga gefen zanen a hankali. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Alaji, wannan gawa zai yi daɗi da miyan gyaɗa." Labarin ya riga shi isowa gida. Liman ya kira shi, ya yi masa faɗa tas, Baba Tsoho ya wanke makarar da hannunsa, bai sake ba. Amma har ya rasu, in an dafa doya a gidanmu sai Kaka ta ce, "Ga mamacinka nan, Allah ya jiƙansa."

Faɗansa na gaske da Kawu ne, ƙanin Mmana, direban babbar mota a Kumasi. Wata Sallar layya Kawu ya zo, bai ko cire kaftani ba ya shiga ƙarƙashin motar. Ya fito yana kakkaɓe hannu.

"Baba, wannan ba mota ba ce, shago ne mai taya. Ka rataya nauyi a bayan taya, a jikin ƙarshen shasi, inda ya fi ko'ina sirara. Tampol ya rufe lamba, fitilar birki ba mai ganinta. Ranar da wani abu ya faru, inshora ba za su kalle ka ba."

Baba Tsoho ya ce, "Takarda ba ta taɓa fid da mota daga laka ba."

Kawu ya ce, "Walda ma ba ta taɓa fid da mutum daga kotu ba."

Sallar nan ba su ci a kwano ɗaya ba. Da Kawu zai koma, Baba Tsoho bai fito rakiya ba, amma ni ya aika da cinyar rago a nannaɗe, ya ce in ce Kaka ce ta bayar. Ni a lokacin bayan Baba Tsoho nake koraa, ɗari bisa ɗari, ina ganin Kawu iyayi ne kawai na mutanen kudu.

To, ranar jana'iza. Mu mata muna leƙe daga ƙofa. An sallace shi, aka sa makarar a motarsa, Kawu ne a sitiyari. Ta shige daidai, diddigensa a kan alamar allin nan, ba ragi ba ƙari. Mota ta tashi a hankali. Tana hawa kwalbatin bakin layi sai muka ji ƙas! Wutsiya ta saki ta gefe ɗaya, ta sunkuya, makara ta fara zamowa. Salati ya tashi. Maza suka ruga, makanikai, Fulani, direbobi, suka tallabe ƙarfen da hannu. Haka aka tafi har maƙabarta, mota na rarrafe, su suna bin ta a duƙe, riƙe da ƙafafunsa. Da suka dawo tafin hannunsu duk ja ne da tsatsa. Tsohon fitan Kaladan yana dariya yana hawaye, yana cewa, "Ya faɗa! Ya ce mu riƙe masa ƙafa! Ko a mace sai da ya sa mu aiki."

Kawu bai yi dariya ba. Ranar adu'ar bakwai sai ga mai kondem ya zo yana zagaya motar, yana ƙwanƙwasa ta da makulli kamar mai zaɓen kankana. Na samu Kawu a zaure.

"Kawu, don Allah."

"'Yata, da makarar nan ta faɗi a titi fa? Da mai naƙuda ce a ciki? Bayan adu'ar arba'in zan koma, ba zan bar abin da zai kashe ɗan wani da sunan ubana ba."

Na ce ruwa ya kusa sauka. Na ba shi labarin tsohuwar da ta dafa bonet. Sai ya ce, "Yoo. Mu kai ta gwaji. Abin da suka ce shi za a yi. In ta ci, ta zauna, Masta ya riƙa tuƙawa. In ta faɗi, ba na son kuka."

Masta ya ɗan liƙe wutsiyar, muka kai. Motar ta faɗi gwajin, chale. Faɗuwa mai ƙara.

Ofisan da ya duba, wani mutum ne mai sanyin magana, da tocila da 'yar guduma. Ya shafa faif ɗin gaba ya ce in wannan ya taɓa yaro a kan keke ba asibiti za a kai shi ba, a cire. Ya girgiza kariyar sama, motar gaba ɗaya ta yi rawa, ya ce nauyin nan a sama shi ke kifar da gajerar mota a kwana. Ya duba takarda, ya duba motar, ya ce, "Ina koriyar da aka rubuta a nan?" Har Kawu sai da ya murmusa. Ya ce launi da yawan kujeru ba yawa ba ne, ana zuwa a faɗa, a duba, a gyara a takarda, laifin shi ne ka canja ka yi shiru. Daga nan ya kwanta ƙarƙashin wutsiya, ya buga guduma sau ɗaya. Tsatsa ta zubo masa a fuska kamar garin yaji. Ya kira ni, ya haska mini. Tsaga ce, siririya, ta bi gefen tsohuwar waldar.

"Shasin za a iya gyara shi, in an sauke masa wannan. Amma wutsiya, a'a."

Na ce, "Ofisa, in ba wutsiya makara ba ta shiga. In makara ba ta shiga, me ya rage?"

Ya ce, "Ƙanwata, ni ma na taɓa bin bayan motar nan zuwa maƙabarta. Na san aikin da take yi. Shi ya sa ba zan sa hannu ba."

Daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Ina aji ina zana mota a bayan littafi. Na ari tef na auna makara, na auna mota, na sake aunawa kamar ƙarfe zai ji tausayina ya miƙe. Na ce a yi makara gajera, Liman ya ce to mutanen fa, su ma a gajarta su? Na ce a ja tirela a baya, Kawu ya ce a cikin laka? Mai kondem kuma kullum sai ya wuce ta layinmu a kan moto, wato babur, ya rage gudu, ya gaishe mu gaisuwar da ba na so. Masta kuwa, ina magana yana kallon ƙafarsa. Ya san amsar, ni ma can ƙasan zuciyata na sani tun da ya ba ni labarin allin, amma wa zai buɗe baki? Mutum bai yi arba'in a ƙasa ba, matarsa na cikin takaba, ka je ka ce za ka tumɓuke mata kujera?

Ashe Kaka na jin mu. Wata la'asar muna ta musu a tsakar gida, hadari ya haɗo ta gabas, sai muryarta ta fito daga bayan labule.

"Ina ɗan shagon nan?"

Masta ya matsa bakin ƙofa ya durƙusa. "Ga ni, Hajiya."

"Kai ka faɗa masa tun farko ya zage ka. Ina ɗaki ina ji. Yanzu ba ya nan, faɗa musu."

Masta ya juya ya kalli Kawu. Sai ta ce, "To ni in faɗa. Ku cire kujerar."

Kawu ya ce, "Mma, ba dole."

"Dole mana. In zauna kusa da wa? Da kai? Kai ko faɗa ba ka iya ba." Muna jin ƙarar carbi. "Shekara nawa yana barin ƙafafun bayin Allah a kan ƙarfen da ya liƙa, wai don ni. Ni ban roƙe shi ba. Taurin kai ne, Allah ya yafe masa. Ku cire, ku kawo mini abata nan." Sai ta ƙara, murya ƙasa-ƙasa, "Ai ba rabuwa na yi da wurin ba. Ranar tawa, da kai ake shigar da mutum. Kaina zai kwanta daidai inda na saba zama."

Ruwan farko ya fara ɗiga a kwano.

Washegari Masta ya kunna garanda, injin yankan ƙarfe. Na ɗauka zan yi kuka da wutsiyar ta faɗi, amma Kawu ne ya juya baya yana ta gyara hular da ba ta karkace ba. Shi da Masta suka ƙarfafa shasin, suka sauke faif, suka sauke kariyar sama, shebur da diga suka koma ciki a ɗaure. Aka rage ganyen sifirin, motar ta zauna daidai kamar mai hankali. Suka shimfiɗa ƙarfe biyu a ƙasa daga baya har gaban mota, da maɗauri, makara na zamewa a kai sumul, katifar mara lafiya ma haka. A ɗaya gefen benci na masu rakiya. Sai aka zo neman ƙofar baya ta asali, aka rasa. Kun san inda take? Ita ce ƙofar akurkin kajin Kaka duk shekarun nan! Mun wanke ta da omo har hannuna ya yi fari, amma wallahi in rana ta yi zafi za ku ji.

Aka ɗauko makara daga masallaci aka gwada. Ta shige, aka rufe ƙofa, ƙyas. Karon farko ke nan da ƙofa ta rufu a bayan makara a motar nan. Masta ya ce, "Ko ruwan kwando ake, ba ɗigon da zai taɓa likkafani." Ai abin da Baba Tsoho ya hana kansa tuwo a kai ke nan tun farko.

Yau muka dawo gwaji. An gyara takarda, shuɗiya ce yanzu a ido da a rubuce, har ƙofar ruwan ɗorawar an shafe. Ofisan ya sake shiga ƙasa da gudumarsa, ya buga, ya buga, ba abin da ya zubo. Ya leƙa ciki, ya ga gurbin kujerar, ya kalle ni. Ya sa hannu.

Na kira gida, Mma ta kai wa Kaka waya. Tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan kujerar fatar saniya, can take jan carbi yanzu. Na ce, "Kaka, ta ci!" Ta ce, "To ki faɗa wa kawunki kar ya yi gudu, akwai rami a kwanar masallaci."

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya yafe masa doyar nan da duk sauran, ya sa kabarinsa ya fi tsawonsa faɗi. Wanda ya karanta ya yi masa Ƙulhuwallahu. Wanda kuma yake da tsohuwar mota da aka liƙa wa wani abu, ya shiga ƙasa da tocila ya duba, kar ya jira ranar kwalbati.

Abu ɗaya nake roƙo. Mutanen bayan Gumani da rugage sun ji an ce an sayar da motar, ga damina ta shigo. Ba a sayar ba, tana ƙofar shago, Masta na nan, a aiko kawai kamar da. Tsohuwar da ta dafa bonet ban san sunanta ba, ban san ƙauyensu ba, amma ina so ta ji. Don Allah ku tura wannan gaba, grup ɗin masallaci, na tasha, na 'yan nono, duk inda kuke. Wanda ba ya karatu ku karanta masa.